Tsohon agogon zinariya: a buɗe bayansa kafin a yanka masa kuɗɗi

Sau da yawa idan Allah ya yi wa wani babban ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikacin gwamnati rasuwa, magada suka buɗe akwatinsa, a ƙarƙashin manyan riguna da takardun gida akan tarar da wani agogon hannu mai launin zinariya, a naɗe cikin tsumma, ya daɗe da tsayawa. Gida da gona da shanu duk an san masu yi musu kuɗɗi. Agogo kuwa, sai a shiga kallon-kallo. Wani ya ce marigayi ya faɗa masa da bakinsa cewa tsantsar zinariya ce, wani ya ce tarkace ne a ba yara su yi wasa, na uku kuma ya ce a kai wa maƙeri ya auna kowa ya huta. Tsakanin maganar na farko da ta na biyu akwai tazarar da za ta iya kai miliyan ɗaya na sefa. Shawarar na uku kuwa ita ce ta fi saurin jawo asarar da ba ta gyaruwa.

Waɗannan agoguna ba daga sama suka faɗo ba. Wasu tsarabar Makka ce da alhazai suka sawo a kantunan Jidda, wasu sun biyo hanyar Kano, Kwatano ko Lome tare da sauran haja, wasu kuma manyan ma'aikata ne suka sawo su a Faransa a shekarun da kuɗɗin uraniyom suka cika baitulmali, wato daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon na 1980. Bayan da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, albashi kuma ya riƙa yin watanni bai fito ba, da yawa daga cikinsu sun sauya hannu ta hanyar jingina, ba takarda ba shaida. Abin da ya sake ta da maganarsu shi ne tsadar zinariya. Oza ɗaya, wato giram 31,1, wadda farashinta na hukuma yake dolar Amurka 35 har zuwa 1971, ta haura dola 2.000 a 2020, ta haura 3.000 a watan Maris na 2025, ta kuma haura 4.000 a watan Oktoba na 2025. A lokacin giram ɗaya na tsantsar zinariya ya wuce jika 70 na sefa.

To, ya kamata mai karatu ya san cewa tsohon agogo daraja biyu gare shi. Akwai darajar ƙarfen da aka ƙera gidansa da shi, wadda ma'auni ke faɗa. Akwai kuma darajar aikin, wato injin da ke ciki, da sunan gidan da ya ƙera shi, da kasancewar kowane ɓangare nasa na asali ne. Dukansu biyu ba a karanta su a fuskar agogo. A cikin murfin baya suke a rubuce, da kuma a jikin injin.

Ruwan zinariya ko tsantsa

Galibin agogunan da ke da launin zinariya ruwa kawai aka sha musu. Gidan na tagulla ne ko farin ƙarfe, aka lulluɓe shi da zinariya sirara ƙwarai. Masu ƙera su na gaskiya ba su ɓoye haka ba, sun rubuta, mu ne dai ba mu karantawa. Wanda ya juya agogo ya ga an rubuta Plaqué or, ko Plaqué G 10, G 20, G 40, to lambar kaurin ruwan ce da ma'aunin mikron, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1.000 na milimita. Ke nan G 20 bai kai kaurin silin gashin kai ba, kuma ko an kankare shi duka ba a samun giram ɗaya. Idan an ga Fond acier inoxydable, wato murfin baya na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, magana ta ƙare: gidan ba tsantsa ba ne, don mai ƙera gidan zinariya ba ya sa masa murfin ƙarfe ya rubuta haka. Haruffan GP, RGP da GF da ake gani a agogunan da suka biyo ta ƙasashen Ingilishi, da SGP na gidan Seiko, duk lulluɓi suke nufi. Agogunan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, irin su Poljot da Raketa, su kuma Au 10 ko Au 20 ake buga musu, sau da yawa a gefen gida ko tsakanin ƙahonin da ke riƙe maɗauri.

Rado DiaStar, wanda ya fito a 1962, ya kuma zama abin ado a hannun alhazai, ya cancanci a ware shi. Nauyinsa da ƙyallinsa da ba ya dushewa su ke sa a ɗauka zinariya ce. Alhali kuwa rashin ƙarjewar nan ita ce shaidar cewa ba ita ba ce: gidan nasa na wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da ake haɗawa da tungistan, zinariya kuwa laushi gare ta, tana ƙarjewa, tana lotsewa.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai hular zinariya, abin da Faransawa ke kira coiffe or. Nan falle ne mai kauri aka manna a kan gidan ƙarfe, ya rufe sama da ƙahoni, har ya jure shekaru 60 bai goge ba. Omega ya yi irinsa da yawa. Ta gaba ba a bambanta shi da tsantsa, amma da an kifa shi sai a ga ƙasan ƙahonin fari ne, murfin ma fari. Agogo ne mai kyau, yana da masu so, sai dai ba a saye shi a kan ma'auni.

Tsantsar ma ba tsantsa ba ce ɗari bisa ɗari. Zinariya zalla, mai karat 24, ta yi laushi da yawa, dole a gauraya ta da azurfa da jan ƙarfe. Karat 18 na nufin kashi 750 cikin 1.000, karat 14 kashi 585, karat 9 na Ingila kuwa 375 kacal. Karat 21 da matanmu suka sani a sarƙoƙi da awarwaron Makka da Dubai, shi ne 875, amma masu ƙera gidan agogo a 18 suke tsayawa. Duk dillalin da ya rantse cewa gidan agogonsa karat 21 ne ko 24, to a ƙara buɗe ido.

Kan mace, kurege da kan kare

Rubuta 18K ko 750 a bayan agogo ba wuya, ko a lungun kasuwa ana iya bugawa. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne hatimin hukuma, wanda ake kira poinçon. Tun dokar 1880, ƙasar Suwis ba ta barin gidan agogo na zinariya ya fita sai ya bi ta biron awo, an gwada shi, an buga masa hatimi. Na karat 18 kan mace ne a gicciye, wato Helvetia, alamar ƙasar. Na karat 14 kurege ne. Daga watan Agusta na 1995 aka sauya su duka da kan kare, irin karen nan na tsaunuka da ake kira Saint-Bernard. Wannan kaɗai ya isa ya warware wata gardama: agogon da aka ce na 1960 ne, aka kuma ga kan kare a gidansa, to gidan ba na 1960 ba ne.

Hatimin ƙarami ne, bai fi ƙwayar gero ba, sai da madubin ƙara girma irin na masu gyara, wanda ke ninka abu sau 10. Ana samunsa a cikin murfin baya, a kuma sake samunsa a jikin gidan, ko a gefe ko a bayan ƙaho ɗaya. Ya kamata a nemi duka biyun, don akan ɗauko murfin zinariya na gaske a rufe gidan tagulla da shi. Kusa da hatimin akwai wata alama, sau da yawa kan guduma ko mabuɗi, ɗauke da lamba: ita ce sa hannun masana'antar da ta ƙera gidan. Hatimin gaske yana fita tsaf, da layuka masu kaifi ko da ya tsufa. Na jabu kan fito a dagule kamar an taka laka, saboda zuba shi aka yi tare da murfin, ba buga shi aka yi ba.

Rashin Helvetia kuma ba ya nufin jabu nan take. Saboda tsadar kuɗɗin duwan, gidajen Suwis kan aika inji tsirara zuwa Faransa, Ingila ko Amurka, a ƙera masa gida can. Agogon da aka saya a Faransa yana iya ɗaukar kan mikiya, hatimin karat 18 na ƙasar tun 1838, ko mujiya, wadda ake buga wa kayan da suka shigo daga waje ko waɗanda ba a san asalinsu ba. Na Ingila kan ɗauki 375 ko 750 da alamar birnin da aka auna shi. Sarƙar hannu kuwa shari'arta daban: a duba maƙullinta ita kaɗai, don sau da yawa gida tsantsa ne sarƙa ruwa, ko akasin haka.

Gwaje-gwajen kasuwa fa? Maganaɗisu ba ya kama zinariya, gaskiya ne, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka bai tabbatar da komi ba, ga shi yana lalata tafiyar inji. Dutsen gwaji da asid na maƙera suna faɗar gaskiya game da fatar da aka goga kawai, lulluɓi mai kauri yana cin jarrabawar. Don kauce wa haka ne maƙeri ke son ya sa zarto ya shiga ciki, ramin da ya bari kuwa ya zauna har abada. Idan ya zama dole a goga, a fitar da inji tukuna, a goga a cikin murfi inda ido ba ya gani. Kafin duk wannan, a dubi bakin ƙahoni da gefen kan da ake murɗawa, wuraren da gumi da riga suka fi ci. Idan wani launi ya leƙo daga ƙasa, ko aka ga kore-kore, ruwa ne. Zinariya ba ta yin kore.

Kama da wane ba ta wane

Tabbatar da ƙarfe rabin aiki ne. Saura a san ko agogon shi ne wanda fuskarsa ta ce. Mu ɗauki misali da Omega Constellation, wanda gidan Omega na birnin Bienne ya fara fitarwa a 1952, don yana daga cikin waɗanda aka fi kwaikwaya da yi wa haɗe-haɗe.

Abu huɗu ne ya wajaba bakinsu ya zo ɗaya: fuska, inji, lambar inji, da lambar samfuri da ke cikin murfi. A wajen murfin Constellation akwai tambarin ɗakin duban taurari da taurari takwas a samansa. A cikin murfin akwai sunan gidan da lambar samfuri. Idan lambar 168.005 ce, to injin da ya kamata a tarar shi ne mai lamba 561 ko 564, mai launin jan ƙarfe, mai ɗaura kansa da motsin hannu, an rubuta masa duwatsu 24, an kuma rubuta cewa an daidaita tafiyarsa a yanayin kwanciya biyar. Idan aka tarar da 562 ko 565, inji ne na Omega na gaske, ƙanen wancan, amma na Seamaster ne da makamantansa, ba a yi masa waccan jarrabawa ba. Ke nan wani ya yi musanya. Lambar da ke jikin injin kuma tana faɗar shekaru: miliyan 13 wajen 1952 ne, miliyan 20 wajen 1963, miliyan 26 wajen 1968. Inji mai lambar miliyan 13 a cikin gidan da samfurinsa bai fito ba sai a shekarun 1960, auren dole ne aka yi musu a teburin wani. Ko launin sassan injin yana magana: idan wani sashe ja ne wani fatsi-fatsi, daga agoguna daban-daban aka tsinto su.

Kowane gida da inda yake aje lambobinsa. Tsofaffin Rolex sai an cire maɗauri: lambar samfuri na tsakanin ƙahoni ta wajen ƙarfe 12, lambar agogon kansa ta wajen ƙarfe 6. Samfurin Day-Date, mai nuna rana da kwanan wata, wanda ya fito a 1956, da zinariya ko filatin ake saida shi, saboda haka wanda ruwansa ya goge farin ƙarfe ya bayyana ba ya bukatar wani dogon bincike. Seiko ya fi kowa sauƙi: a lambar bayansa, adadi na farko shi ne ƙarshen shekara, na biyu wata. Gidaje irin su Longines da Patek Philippe kuwa suna riƙe da rajistar abin da suka ƙera tun ƙarni na 19.

Akwai wasu maganganu biyu da ke yawo a kasuwa da ya kamata a aje su gefe. Ta farko ita ce wai rubis 17 ko 21 da aka rubuta a fuska duwatsu ne masu tsada. Yakutu ne na haɗi, wanda ake yi a masana'anta tun farkon ƙarni na 20, aikinsa rage gogayya a inda ƙafafun inji ke juyawa, ba ya da kuɗɗin kirki. Ta biyu ita ce wai duk agogon da allurar daƙiƙarsa ke tsalle ɗaya-ɗaya jabu ne. Tsallen yana nuna agogon mai pil ne kawai. Agogon hannu mai pil da kwartz na farko da aka saida, Seiko Astron na watan Disamba 1969, gidansa zinariya ce karat 18, kuma Rolex kansa ya fitar da Oysterquartz a 1977. Abin tsoro shi ne samfurin da aka san mai rasor ne, a buɗe a tarar da ɗan injin roba da pil a ciki. Wannan ya faru da yawa, don lokacin da agogunan Japan masu araha suka mamaye duniya, har ma'aikatan agogo na Suwis suka ragu daga kusan 90.000 a 1970 zuwa wajen 30.000 a tsakiyar shekarun 1980, tsohon inji ya zama abin yarwa a idon mutane.

Kada mai karatu ya ga kamar mu kaɗai ake yi wa wannan rufa-ido. A watan Nuwamba na 2021 gidan gwanjo na Phillips ya saida wani Omega Speedmaster a Jeneba a kan fiye da faran na Suwis miliyan 3, mai sayen kuwa gidan Omega ne da kansa, don ɗakinsa na kayan tarihi. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne na sassan tsofaffin agoguna daban-daban. Idan mai abu ya ruɗe da abinsa, ina ga wanda aka miƙa wa agogo ta tagar mota a tasha?

A bar kaza cikin gashinta

Fuska ita ce ta fi komi tsada a idon masu tara tsofaffin agoguna, ita ce kuma muka fi saurin ɓatawa. Fuskar da ta yi shekaru 60 takan sauya launi, ta yi ɗige-ɗige. Mai agogo sai ya ga muni, ya ba da a wanke ko a sake fenti, alhali masu saye a Turai, Dubai da Asiya tsufan nan suke biya. Fuskar da aka sake ana gane ta da madubi: haruffa sun yi kauri, ba su daidaita ba, ɗigon mintoci bai hau kan alamomin sa'o'i ba, wani lokaci ma an manta da Swiss made da ke can ƙasa.

A nan akwai maganar lafiya, wadda ta shafi mai gyara fiye da mai ɗaurawa. Abin da ke sa allurai da lambobin tsofaffin agoguna haske cikin duhu, har zuwa farkon shekarun 1960, fenti ne mai radiyom, wanda daga uraniyom yake samuwa, mutanen Arlit sun san irin wannan lamari. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma tururin bai mutu ba, don sai bayan shekaru 1.600 ƙarfin radiyom ke raguwa da rabi. Muddin gilashi na rufe, hatsarin kaɗan ne. Wanda ya buɗe ya kankare fentin, ko ya hura shi da baki ya shaƙi garin, shi ne ke cikin hatsari. Daga baya aka koma tiritiyom, mai sauƙin illa, wanda ake nunawa da harafin T a gefen Swiss made, shi kuma cikin shekaru 12 da ƴan watanni yake raguwa da rabi. Ke nan agogon 1965 da ke kwana yana haske kamar fitila, sabon fenti ne aka sa masa.

Gogewa ita ma haka. Injin goge ƙarfe ba datti kaɗai yake ɗauka ba, zinariyar kanta yake ci. Kusurwoyin ƙahoni su zama kamar sabulun da ya sha ruwa, taurarin murfi su shafe, hatimin da ke waje ya ɓace. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Tsumma mai laushi ya isa.

A teburin mai gyara

Agogon da ya shekara 20 a akwati, kuskure na farko shi ne a ɗauke shi a murɗa a ga ko yana tafiya. Yana iya tafiya, amma a bushe. Man da ke cikinsa ya daskare ko ya ƙafe, ya gauraya da ƙurar hunturu ya zama kamar garin dutsen wasa wuƙa. Ƙafar da ke kai da komo a zuciyar injin tana bugawa sau 18.000 a sa'a a galibin tsofaffin agoguna, wato sau 432.000 a kwana ɗaya. Irin wannan tafiya tana iya cinye ƙusoshin da ba su kai kaurin allura ba, samun madadinsu kuwa ya yi wuya, tun ba yadda rukunin Swatch, mai Omega da Longines, ya daina saida wa dillalai sassan gyara ba daga ƙarshen 2015.

A babbar kasuwar Yamai, da ta Maraɗi, da kasuwar Dole ta Damagaram, har yanzu ana samun masu gyaran agogo, cikinsu da dattawan da suka koyi aiki tun zamanin rasor. A ganinmu su ya kamata a nema, ba yaron da aikinsa sauya pil da yanke sarƙa ba. Gyara na gaskiya sunansa wargajewa: a kwance injin gaba ɗaya, sashe fiye da 100, a wanke kowane, a duba shi da madubi, a mayar, ana ɗiga mai iri-iri da bakin tsinke, kowane wuri da nasa, ɗigon da ido bai cika gani ba. Abin da ake yi cikin gaggawa, a tsoma inji dunƙule cikin esansi, a busar, a zuba masa man keken ɗinki, yana sa agogo ya yi ƴan watanni yana tafiya, daga nan man ya malale ya kama siririn zaren nan mai kama da gashi, tafiya ta rikice. Mai gyaran da ya ce a dawo bayan la'asar an gama, ba wargajewa ya yi ba. Haka kuma a lura da abin da zai buɗe murfi da shi. Murfi mai murɗi da mabuɗinsa, mai dannawa da ƴar wuƙarsa ta musamman. Wanda ya ɗauko kurfi da guduma, a karɓe agogo a yi masa sallama.

Kafin a bar agogo a hannun kowa, a sa ya buɗe a gaban mai shi, a ɗauki hoton inji da lambarsa da cikin murfi da wayar salula. A yi sharaɗi a fili: ba gogewa, ba taɓa fuska, ba sauya allurai, duk abin da aka cire kuma a mayar wa mai shi, ko da karyayyen rasor ne ko tsohon gilashi. Wannan ba zargi ba ne, mai gyara na kirki ma ya fi son haka don ya kare sunansa. Sharaɗin nan ya hau kan wanda zai aika agogonsa Turai wurin kamfanin da ya ƙera shi: aikin yana cin ɗaruruwan yuro da watanni, kuma idan ba a hana su a rubuce ba suna iya mayar da shi sabo fil, da sabuwar fuska da sababbin allurai, tsohuwar darajar ta tafi.

Bayan gyara a gwada shi mako guda da lokacin salula. Ma'aunin da hukumar jarraba agoguna ta Suwis, COSC, ta aza wa sabon agogo mai takardar shaida shi ne kada ya yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko saurin da ya wuce 6 a kwana. Tsoho ɗan shekara 60 da ya tsaya cikin rabin minti ya yi abin yabo. Idan ya fara gudu da mintoci a kwana, sau da yawa maganaɗisu ne ya kama shi, daga lasifika ko murfin salula, kuma cire shi aikin minti ɗaya ne ga mai na'urar. Ba a sauya kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran da ke juya shi suna sarƙe. A yanayinmu na ƙura da zafin bazara, kada a wuce shekara biyar ba a sake wanki da mai ba, in dai ana ɗaura shi.

Sai ruwa. Kalmar étanche ko hoton dokin ruwa da ke bayan Seamaster alkawari ne na ranar da ya fito daga masana'anta. Zoben robar da ke tare ruwa ya daɗe da bushewa, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A cire shi kafin alwala, kowace alwala. Idan aka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, a kai shi a buɗe a ranar, don tsatsa ba ta jiran ranar kasuwa.

Ma'auni ko gwanjo

Wanda zai saida sai ya yi lissafi biyu. Na farko, a fitar da inji da fuska da gilashi, a auna gida da murfi su kaɗai. A ce sun yi giram 16 na karat 18: tsantsar da ke ciki giram 12 ce, wato wajen jika 840 a farashin Oktoba 2025, kafin maƙeri ya cire ribarsa. Wannan shi ne ƙasan farashi, kada a karɓi abin da bai kusance shi ba. Wasu agogunan a nan darajarsu ta tsaya, musamman marasa sanannen suna. Akwai ma irin waɗanda ake rubuta wa Chronographe Suisse, na shekarun 1940 da 1950, masu hatimin karat 18 na gaske, amma gidan sirara kamar takarda, ƙahoni holoƙo, da murfi na biyu na tagulla a ciki don ya ba su ƙarfi. Nauyinsu a hannu yana ruɗi.

Lissafi na biyu shi ne na agogon a raye. Rolex, Patek Philippe, Vacheron Constantin, Audemars Piguet, ko Omega mai fuskarsa ta asali, narka su kamar yanka saniya mai ciki ne don a saida fata. An yi irin wannan ɓarna a 1980, lokacin da oza ta kai dola 850, gidaje masu yawa suka shiga wuta, injinansu suka zama marayu. A wannan kasuwa ma ba zinariya ce sarauniya ba: Rolex Daytona na ɗan wasan siliman Amurka Paul Newman, wanda aka saida fiye da dola miliyan 17 a 2017, na farin ƙarfe ne. Ba muna cewa kowa ya fara mafarki ba ne, irin wannan ɗaya ne a duniya. Amma kwali, faktir da takardar garanti mai ɗauke da lambar agogon suna ƙara masa kuɗɗi sosai, a neme su cikin takardun marigayi kafin a share ɗaki.

Ga magada, a yi duk wannan kafin rabo, a gaban shaidu, a rubuta lambar inji da nauyin gida a takardar gado, don agogon da aka ba ƙaramin ɗa a matsayin tarkace yana iya raba zumunta bayan shekara biyu. Malamai sun yi bayani cewa ado da zinariya halal ne ga mata, haram ga maza, kuma nisabin zakkarta misƙali 20 ne, wajen giram 85, saboda haka wanda tsantsa ta faɗo a rabonsa yana da tambayar da zai kai gabansu. Mai saye kuma, ko mai karɓar jingina, ya tuna doka tana hukunta wanda aka kama da kayan sata. Ya nemi katin shaidar mai saidawa, a rubuta takarda mai kwanan wata, da sunan samfuri, da lambar da ke jikin injin, kowa ya sa hannu ya riƙe kofi ɗaya.